"An ƙara", "ya ƙaru" ko "ya tashi": wanne ya dace a labari?

Wata ɗaliba da ke koyon aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Birnin Kebbi ce ta aiko da wannan tambaya: "Baba, duk lokacin da na rubuta labarin farashi ko na albashi, sai edita ya ja layi ƙarƙashin kalmar ƙari ya ce in sake. Ni a ganina 'an ƙara kuɗin mai' da 'kuɗin mai ya ƙaru' da 'mai ya tashi' duk abu ɗaya ne. Da gaske akwai bambanci, ko son wahalar da mutum ne kawai? Kuma me ya sa ba ya barina in ce 'an daɗa', yadda muke faɗa a gida?"

Ɗiyata, editanki ba wahalar da ke yake yi ba. A hira ta zaure ko bakin kasuwa, duk wadda kika ɗauka cikin ukun za a gane ki, kuma ba wanda zai tsayar da ke. Amma a labari kowacce tana faɗa wa mai saurare wani abu daban game da wanda ya jawo abin, kuma a nan rigimar take.

Ƙara aikatau ne da ke neman mai aikatawa. Malaman nahawu suna ce masa so-karɓau: wani ne ya ƙara wani abu. Ƙaru kuwa ƙi-karɓau ne, ɗan gidan su gyaru da taru da dafu, inda abin ne ake ba da labarin halin da ya shiga, ba tare da an nuna hannun kowa ba. To ki duba abin da ya faru a 2023. Ranar 29 ga Mayu, a jawabinsa na kama aiki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin a yi kwana uku kamfanin NNPC ya fitar da sabon jerin farashi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma 488 a Legas, 537 a Abuja. Wannan abu yana da mai shi. Akwai wanda ya yi magana, akwai wanda ya sa hannu a takarda. Duk ɗan jaridar da ya ce "kuɗin mai ya ƙaru" a ranar, bai yi ƙarya ba, amma ya ɗauke wa mai saurare rabin labarin, ya sa abin ya yi kama da saukar ruwan sama. Ko "an ƙara" ma ban cika son ta ba in an san wanda ya yi. Wannan "an" ɗin mayafi ce. Hausa ta tanade ta don kunya da kawaici, don inda ba a san mai aikin ba ko ba a son kama suna, kuma tana da kyau a wurinta. A kanun labari kuwa, in kin san sunan, ki faɗe shi: NNPC ya ƙara kuɗin litar mai.

"Ya tashi" ta kasuwa ce. Buhun shanshera a Jega ya tashi, ragon layya ya tashi, galan ɗin 'yan bumburutu a Kamba ya tashi. Babu mutum ɗaya da za ki nuna ki ce shi ya yi. Ruwa ne, ko hanya, ko rufe iyaka, ko dillalai da suka yi sammako suka kwashe kaya. A nan in kika ce "an ƙara kuɗin shinkafa", mai saurare zai tambaya wa ya ƙara, kuma in bai samu amsa ba zai laƙaba wa wanda ya ga dama, sarkin kasuwa ko gwamna ko 'yan ƙungiya. Matsalar man fetur yanzu ita ce ya shiga tsakiya. Tun da aka janye tallafi, wani lokaci NNPC ke sauya farashi, wani lokaci matatar Dangote, wani lokaci masu gidajen mai da kansu. Saboda haka ba za ki zaɓi aikatau daga kan kujera ba, sai kin buga waya kin ji daga ina abin ya taso.

Ki kuma lura, hukuma ba ta son kalmar ƙari in abin zai yi wa mutane ciwo. A sanarwarta za ki ga gyaran farashi, ko daidaita farashi, ko sake duba farashi. Abin dariyar shi ne a kasuwa gyara ita ce 'yar ɗoriyar da mai awo ke zuba miki bayan tiya ta cika, wato ke ake yi wa alheri. Gyaran hukuma kuwa daga aljihunki yake fita. A watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su sauya kuɗin kira da na data, da irin wannan lafazin ta yi magana. Aikinki shi ne ki kira abin da sunansa, ƙari ne, sannan in kina so ki ce hukumar ta kira shi gyara. Amma ki yi mata adalci ta ɗaya ɓangaren: abin da ta ce shi ne kada ƙarin ya wuce kashi 50 cikin 100. "Har zuwa kashi 50" da "kashi 50" ba ɗaya ba ne, kuma wannan "har" ɗin ita ce ke fara faɗuwa in ana matse kanu don ya shiga layi ɗaya.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, kuma ina kyautata zaton nan ne jan layin editanki ya fi yawa: lambar da ke biyo bayan kalmar.

Ƙari lissafi ne mai ƙafa uku. Akwai abin da ake da shi a da, akwai abin da aka ɗora, akwai abin da aka koma. Lambar da ta manne da "ƙarin" ita ce ta tsakiya, abin da aka ɗora. Wadda ta biyo bayan "zuwa" ita ce ta ƙarshe. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, daga 30,000 da aka tsayar a 2019. Sau nawa kika ji an ce "ƙarin albashin naira dubu 70"? A Hausa wannan jimla tana nufin an ɗora 70,000 a kan abin da ma'aikaci ke ɗauka, wato mai 30,000 ya koma 100,000. Ba haka aka yi ba. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000, ƙarin kuwa 40,000 ne. A nan Kebbi, Gwamna Nasir Idris, wanda shi ma daga ƙungiyar malamai ya fito, ya amince da 75,000 a watan Oktoban wannan shekarar. In aka auna da tsohon mizanin 30,000, ƙarin ya zama 45,000. Kuma ko wannan ma na wanda ke matakin ƙasa ne. Mai mataki na 12 ba a ninka masa albashi haka ba, nasa ana yin sa ne da wani lissafi daban da gwamnati da 'yan ƙwadago ke zama su daddale.

Kada ki ɗauka wannan tsirfar 'yan boko ce. Labarin albashi ba ma'aikaci kaɗai ke saurarensa ba. Mai gidan haya yana ji, mai shago da ke ba da bashi zuwa ƙarshen wata yana ji, uwargida tana ji, dangi a ƙauye suna ji. In rediyo ya ce an yi ƙarin dubu 70, masinjan ofis zai sha bayani a gida kafin a yarda ba ɓoye kuɗi yake yi ba. Tsofaffin ma'aikata har yau suna ba da labarin Udoji, ƙarin albashin da ya biyo bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, yadda kasuwa ta ji labari ta tashi tare da shi. Kasuwa da kunne take aiki, kuma abin da muka faɗa shi take ji.

Ga wurin da lambar ta zauna daidai. A watan Maris na 2024, bayan darajar naira ta faɗi, hukumar alhazai ta ƙasa ta nemi maniyyatan da suka riga suka biya su kawo ƙarin wajen naira miliyan 1.9. Nan "ƙarin" ta yi aikinta, don kuɗin a kan na farko za a ɗora shi. Maniyyata da kansu ciko suka riƙa ce masa, kuma kalmarsu ta fi tamu fito da ma'anar. Haka ma a farkon 2023 da Babban Banki ya ɗage ranar daina karɓar tsofaffin takardun naira daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu: ƙarin wa'adin kwana 10 ke nan, ba gardama.

Kashi cikin ɗari ya fi wannan santsi. A watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Wani zai ce an yi ƙarin kashi 2.5, wani zai ce an yi ƙarin kashi 50, kuma kowannensu yana da abin kafa hujja. Ki ɗauki kayan naira 10,000. A da harajinsu 500 ne, ya koma 750. Naira 250 da ta hau rabin 500 ce, wato harajin kansa ya ƙaru da rabi. Amma a kan kuɗin kayan, kashi 2.5 ne kawai ya hau. Mai son kare gwamnati zai ɗauki ƙaramar lambar, mai son sukarta ya ɗauki babbar. Ke ba ki cikin kowannensu, saboda haka ki ce daga kashi 5 zuwa kashi 7.5, in lokaci ya bari ki kawo misalin naira 10,000. Da kunne ake sauraren rediyo, ba wanda zai ja labari baya ya sake ji, kuma naira ta fi kashi zama a kai.

Ninki ma haka. Ƙarin kashi 100 shi ne ninki biyu, ƙarin kashi 200 ninki uku ne, ba biyu ba. "Ya ninka sau biyu" kuwa na daina yarda da ita, don in kika tambayi mutum biyar a ɗakin labarai ɗaya, wani zai ce biyu, wani uku, wani ma huɗu. Ki ba da lambobin biyu, ta da da ta yanzu, ki huta.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: ƙari a kan na yaushe? Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Aka yi yajin aiki da zanga-zanga, bayan kamar mako biyu aka mai da ita 97. "Gwamnati ta rage kuɗin mai" gaskiya ne in da makon jiya kike aunawa. In da watan jiya ne, ƙarin naira 32 aka yi. Labarin da ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya ya zaɓi ɓangare, ko mai rubutun ya sani ko bai sani ba. A kayan gona abin ya fi fitowa fili. Kowa a Aliero ya san albasa tana arha lokacin da ake cire ta, ta yi tsada in shekara ta ja. In wakili ya auna farashin ƙarshen shekara da na lokacin cira ya ce albasa ta yi tashin gwauron zabo, bai kawo labari ba, kalanda ya karanto. A auna bana da bara a wata ɗaya, sannan a san ko wani abu ya sauya.

Wannan ne ya kai mu ga hauhawa. Hauhawar farashi ba farashi ba ce, saurin hawansa ce. In aka ce ta ragu, ba a ce kaya sun sauko ba. A ce tiyar gero tana naira 1,000, misali nake yi. Bara hauhawa ta kai kashi 30, ta koma 1,300. Bana hauhawa ta ragu zuwa kashi 20, ta koma 1,560. Hauhawa ta ragu, gero ya ƙara tsada, kuma duka biyun gaskiya ne. In kika karanta "farashi ya sauko" a madadin "hauhawa ta ragu", matar da ta dawo daga kasuwa za ta ce rediyo na ƙarya, kuma da gaskiyarta. Wani lokacin ma mizanin ne ake sauyawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 34.80 a Disambar 2024, sannan 24.48 a Janairun 2025. Ba kaya ne suka faɗi cikin wata ɗaya ba. Hukumar ce ta sabunta lissafinta, ta bar shekarar 2009 da take aunawa da ita ta koma 2024, ta kuma sauya jerin kayan da take bi. Labarin da bai faɗi haka ba, saukar da ya ba mutane ta takarda ce.

Akwai kuma wata ƙara da ba ta lissafi ba, wadda ke nufin sake. "An ƙara kai hari", "naira ta ƙara faɗuwa", har ma "an ƙara rage kuɗin taki", inda ƙara da ragewa ke zama kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya ji wani abu. Yawanci ma'ana a fili take, amma ba kullum ba. "Ambaliya ta ƙara cin gonaki a Argungu": ta sake dawowa ne bana bayan irin ta 2020, ko kuwa wadda ake ciki ce ta faɗaɗa? Manomin fadama yana buƙatar sanin wanne. In maimaici kike nufi ki ce sake, ki bar ƙara ga yawa. Da haka kin kuma tsira daga "an ƙara ƙara kuɗin mai", wadda daidai ce a nahawu amma takan sa mai karanta labarai tuntuɓe.

In mutane ake ƙirgawa, sai a ƙara taka-tsantsan. "Ƙarin mutum 20" na nufin akwai waɗansu kafin su, kuma dole ki faɗi jimilla, in ba haka ba mai saurare zai haɗa lambar jiya da ta yau ya samu abin da ba shi ne ba. Ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace ranar 17 ga Yunin 2021, rukuni-rukuni aka riƙa sako su har cikin 2023. "An sako ƙarin ɗalibai" daidai ne a kowane karo, amma uwar da ɗiyarta ke daji ba ƙarin take jira ta ji ba, saura nawa take jira. Sannan ki tuna haɗarin jirgin ruwan Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, inda aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. "Mutanen da suka mutu sun ƙaru" ba daidai ba ne, sun rasu tun ranar farko. Abin da ke ƙaruwa shi ne adadin waɗanda aka gano, kuma haka ya kamata a faɗa.

Nan zan faɗi ra'ayina, wanda na san ba kowane edita zai bi ni ba. Ba na son "an samu ƙaruwa" a labarin mutuwa ko cuta ko sata. A gidan Bahaushe, in aka ce an samu ƙaruwa, haihuwa aka yi, sai barka. Ɗalibi ya tashi daga gaban malami ya ce na ƙaru. Kalma ce ta alheri. Yau kuwa sai ki ji "an samu ƙaruwar mace-macen mata masu juna biyu", kuma kunnen da ya tashi cikin Hausa yana jin wani abu ya goge shi. An saba da ita, ban ce kuskure ce ba. Amma "mace-mace sun yawaita" ko "adadin ya ƙaru" suna nan, ba su da tsada.

"Ƙara wa" ma tana da fuska biyu. An ƙara wa ɗalibai kuɗi: na tallafin karatu da za su karɓa, ko na makaranta da za su biya? An ƙara wa direbobi kuɗi: alawus ko haraji? Jimlar ba ta faɗa, sai ki faɗa.

A rubutu kuma akwai ƙugiya. Yawancin labaran da ke yawo a Facebook da WhatsApp da waya ake buga su, ba ƙ sai k. "Sojoji sun kara da 'yan bindiga" gwabzawa ce, kuma a baki wasalin farko gajere ne, ba a ja shi kamar na ƙara. Karin magana da karin kumallo da karin harshe duk da k mara ƙugiya suke, ba su da dangantaka da ƙarin albashi, kodayake sau da yawa za ki ga an rubuta "ƙarin kumallo" don neman gyara. Ko da ƙugiyar ma ba a gama ba, don ƙarar kotu da ƙarar bindiga rubutunsu ɗaya da aikatau ɗinmu. Murya ce ke raba su, a ƙarar kotu tana tsayawa sama, a ƙara ta ɗori tana sauka a gaɓar ƙarshe. Shi ya sa ake son mai karanta labarai ya bi takardarsa da ido kafin a kunna masa makirfo.

Batun daɗa kuwa, Hausa ce tsantsa, ba ta gaza ƙara da komai ba. Mu nan yamma, daga Gwandu da Argungu har Gusau da Talatar Mafara, ita ta fi zuwa baki, kuma ko Bakano yana cewa daɗin daɗawa, yana cewa abin ya daɗa lalacewa. Dalilin da ya sa ɗakunan labarai suka fi karkata ga ƙara biyu ne a ganina. Na farko, daidaitacciyar Hausar da jarida da rediyo suka gada tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta fi jingina da karin Kano. Na biyu kuwa na aiki ne: sunan da ke fitowa daga daɗa, wato daɗi, rubutunsa ɗaya da daɗin da ake ji a baki. A magana ba sa haɗuwa, na ƙari gajeren wasali ne da shi, na zuma dogo. Amma ki rubuta "daɗin kuɗin mai" a kanu ki ga abin da mai karatu zai fara fahimta. Saboda haka a takardar labarai ki bi gidan da kike aiki ki rubuta ƙari. In kuwa kin fita da rakoda manomi a Suru ya ce miki taki ya daɗa tsada, ki sa muryarsa yadda take, kada ki gyara masa. A shirin tattaunawa ko na noma da kike magana da bakinki, ki ce an daɗa, masu saurarenki haka suke cewa.